Faifan Disraeli Gears na Cream: Ina Ƙarfinsa, Ina Rauninsa?

"Assalamu alaikum, Malam. Cikin kayan marigayi kawuna, wanda ya yi karatu a Ingila, na tsinci wani faifan garmaho mai bango ja da ruwan hoda kamar an ɓarar da fenti, an rubuta Cream, Disraeli Gears. Na nemo waƙoƙin a YouTube na saurara. Biyu ko uku sun kama ni sosai, amma wasu wallahi kamar wasa ake yi. Ga shi kuma duk inda na duba cewa ake yana cikin manyan fayafayen tarihi. Kunnena ne bai nuna ba, ko kuwa zuzuta shi kawai ake yi? Ina ƙarfinsa yake, ina kuma rauninsa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan kawu, ya kai haske kabarinsa. Kafin komai, ka jingine faifan nan a tsaye, a inuwa, don zafin bazara yana lanƙwasa shi har allura ta kasa bi.

Idan na fahimce ka, abin da ke ɗaure maka kai shi ne yadda faifai zai ƙunshi waƙoƙin da ba su kai sun kawo ba, amma a ci gaba da sa shi a sahun gaba. To kunnenka lafiyarsa ƙalau. Na fi shekara ashirin ina kaɗa jita, ina kuma haɗa sauti a wani ɗan situdiyo, kuma faifan nan yana cikin waɗanda na fi juyawa. A lissafina, cikin waƙoƙinsa 11, biyar manya ne na gaske, huɗu suna tsaka-tsaki, biyu kuwa cikon benci ne. Abin da ya ba shi suna shi ne waɗancan biyar ɗin, da kuma ƙofar da suka buɗe wa waɗanda suka biyo baya.

Zakaru uku a akurki ɗaya

Cream mutum uku ne kacal, sun haɗu a Landan a 1966. Eric Clapton ke riƙe da jita, Jack Bruce da jitar bes, wato mai kaurin murya, da mafi yawan rera waƙa, Ginger Baker da ganguna. Kowanne ya riga ya yi suna kafin haɗuwar. Clapton ya bar ƙungiyar Yardbirds saboda yana ganin sun kauce wa blues, wato tsohon kiɗan baƙaƙen Amurka, ya koma wajen John Mayall, inda aka fara yi masa kallon wanda ba shi da na biyu a Ingila. Bruce ɗan Sikotland ne da ya yi karatun kiɗa a makaranta, shi da Baker kuma daga jazz suka fito. Sun taɓa zama tare a ƙungiyar Graham Bond, suka rabu baram-baram, har da dambe. Sunan da suka zaɓa wa kansu ma, wato man da ke tasowa a saman nono, ya isa ya nuna maka ba su da ƙarancin ji da kai.

Faifansu na farko, Fresh Cream, ya fito a Disamban 1966, kusan rabinsa tsofaffin waƙoƙin blues na baƙaƙen Amurka ne da suka sake bugawa. Sai 1967 ta zo da wani sabon yayi da ake kira saikedelik, wato kiɗan da ke ƙoƙarin kwaikwayon halin da mai shan ƙwayar LSD ke shiga: launuka barkatai, kalmomi kamar na mafarki, sauti mai lilo. Ba sai na ɓoye maka ba, daga shaye-shaye yayin ya samo asali, kodayake ba ka bukatar komai a kanka kafin ka ji daɗin kiɗan. Disraeli Gears shi ne inda blues ɗin Cream ya yafa wannan mayafi. Ni a wurina, duk hukuncin da za a yanke wa faifan ya rataya ne a kan inda mayafin ya zauna wa jikin da kuma inda ya zame.

An ɗauki mafi yawansa a situdiyon kamfanin Atlantic da ke New York a tsakiyar Mayun 1967, cikin kwanakin da ba su kai mako guda ba, domin bizarsu na gab da ƙarewa. Injiniyan sauti shi ne Tom Dowd, wanda ya ɗauki Ray Charles da Aretha Franklin. Furodusa kuma wani matashi ne, Felix Pappalardi. Faifan bai fito ba sai Nuwamba, ya kai mataki na 5 a Birtaniya, na 4 a Amurka. Sunan kansa suɓutar baki ce: ana hirar keken tsere, wani yaron kayansu ya so faɗin sunan giyar keken, sai ya ambaci Disraeli, firaministan Birtaniya na ƙarni na 19. Suka yi ta dariya, suna ya bi faifai.

Inda ya yi zarra

Babban ƙarfin faifan nan takura ce. A kan dandamali, mutanen nan uku sukan ɗauki waƙa ɗaya su ja ta minti goma sha biyar, kowa na nuna bajinta, ba mai saurara wa wani. A nan kuwa ga ƙarancin lokaci, ga furodusa mai kunnen rediyo, sai aka matse su. Dukan faifan minti 33 ne da ɗoriya, kuma waƙa ɗaya ce tak ta haura minti huɗu. Na ga irin wannan a wurin aikina ba sau ɗaya ba: gwani idan ka sakar masa mara sai ya cika ka da surutu, idan ka ce masa daƙiƙa talatin gare ka, sai ya zaɓo abin da ya fi kyau a cikinsa.

Ɗauki "Sunshine of Your Love", wadda na tabbata tana cikin waɗanda suka kama ka. An gina ta a kan 'yar jimlar kiɗa mai sauti goma da ake ta maimaitawa, jita da bes suna faɗinta tare. Ni take nake kiran irin wannan jimla idan ina koyarwa, don aikinta ɗaya da taken da makaɗi ke yi wa basarake ko ɗan dambe: kana ji ka san wa ake nufi tun ba a buɗe baki ba. Bruce ne ya ƙirƙiro shi bayan ya kalli wasan gwanin jita Ba'amurke, Jimi Hendrix, a Landan a farkon 1967. Taken yana gangarowa ne a kan matakan sauti biyar ɗin nan da kunnen Bahaushe ya saba da irinsu a gurmi da garaya, sai a tsakiya aka soka sauti ɗaya bare, wanda ke tsakanin mataki da mataki. Wannan baren shi ne gishirin blues. Idan ɗalibi ya zo mini, taken nan nake fara ɗora shi a kai, kuma kusan kullum a wurin baren yake tuntuɓe, yatsansa na son tsallake shi.

Amma ba a jita gizo ke saƙar ba, a ganga ne. A kiɗan rock, idan ana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, bugu mai ƙarfi a kan biyu da huɗu yake sauka. A wannan waƙa Baker ya juya shi, ya sauke nauyin a kan ɗaya da uku, a kan manyan ganguna masu kauri, ya rage taɓa farantan ƙarfe. Shi ya sa waƙar ke tafiya kamar ingarma mai takama, ba ta gudu, ba ta kuma tsayawa. Dowd ya ce shi ya ba da shawarar, Baker ya ce ƙarya ne, dabararsa ce, kuma har suka bar duniya ba su daidaita ba. Ka gwada tafa hannu a kan biyu da huɗu kana saurare, za ka ji rabin kwarjinin waƙar ya zube. Sannan da lokacin da jita za ta yi magana ita kaɗai ya zo, Clapton bai shigo da gudu ba, ya buɗe da karin wata tsohuwar waƙar soyayya, "Blue Moon", a hankali. Yana da shekara 22 a lokacin. Samun irin wannan haƙuri a hannun saurayi shi ne abin mamakin.

Abu na biyu shi ne muryar jitar kanta. Clapton ya yi amfani da jita ƙirar Gibson SG da wasu masu zane 'yan Holan suka yi wa fenti kala-kala, ya murɗe maɓallin da ke sa kaifin sauti har ƙasa, ya ƙure amfilifaya ƙirar Marshall. Sakamakon shi ne sauti mai kauri, mai santsi, wanda ke daɗewa bai mutu ba, ya fi kusa da goge fiye da abin da ake tsinka da yatsa. Za ka ji shi sarai a "SWLABR" da "Outside Woman Blues". Na sha neman wannan sauti da ƙananan na'urorin zamani, nakan kusanta amma ba na isa, domin rabin sirrin a ƙarar lasifika yake, ƙarar da maƙwabta ba za su lamunta ba.

Sai "Tales of Brave Ulysses", inda a ganina mayafin ya zauna daram. Kalmomin na Martin Sharp ne, mai zane ɗan Ostireliya, wanda shi ya zana bangon da ka ce kamar an ɓarar da fenti. Sun haɗu da Clapton a wani kulob a Landan, ya rubuta masa baitocin a kan takardar goge hannu. Labarin Ulysses ne, jarumin tatsuniyar Girkawa, da aljanun ruwa masu jan matuƙa jirgi zuwa halaka da zaƙin murya. A nan Clapton ya taka wata feda da ake kira wah-wah, wadda ba ta daɗe da shiga kasuwa ba. Tana buɗe sautin tana rufe shi, kamar yadda mai kalangu ke matsa tsirkiya a hammata ya sassauta, sai dai shi kalangu tashi da saukar sauti yake canzawa, ita kuwa fedar hasken sautin da duhunsa. Ga bes yana sauka mataki-mataki kamar mai nitsewa, ga jita na lilo kamar igiyar ruwa. Kiɗa da magana sun zama abu ɗaya, cikin ƙasa da minti uku.

Wadda ba a cika ambata ba, ni kuma na fi so, ita ce "We're Going Wrong". Kalmominta ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Bruce ya ƙanƙance murya yana ja, Baker kuma ya ajiye sandunansa ya ɗauki masu dunƙulen kai, yana mirgina ganguna kamar hadari na haɗuwa daga nesa, kuma har waƙar ta ƙare ruwan bai sauko ba. A nan ake gane daga jazz ya fito. Wani tsohon makaɗin Ingila, Phil Seamen, shi ya fara sa masa fayafayen gangunan Afirka. Daga baya ƙaunar ta kawo shi har gida: ya ratsa Sahara da mota zuwa Najeriya, ya yi faifai da Fela Kuti a 1971, ya kuma gina situdiyo a Ikeja. Kada dai mu cika baki, abin da ya buga a wannan waƙa ba kiɗan wata ƙabila tamu ba ne. Amma tunanin cewa ganga na iya yin zance, ba riƙe lokaci kawai ba, ya san inda ya samo shi, kuma bai taɓa musu ba.

Inda mayafin ya zame

Raunin farko shi ne wanda ka riga ka ji da kunnenka. "Blue Condition" ta Baker ce, shi ya rubuta, shi ya rera, kuma Allah bai ba shi murya ba. Waƙar na jan ƙafa, muryar na bin ta a baya kamar wanda aka tasa daga barci. Abin haushi, ita ta rufe fuskar farko ta faifan. An ɗauki wata da muryar Clapton, ta fito a bugun da aka faɗaɗa a 2004, ta ɗan fi, amma gyaran murya ba ya ceton waƙar da ba ta da ƙashi. Zatona an sa ta ne don a zauna lafiya, kowa ya samu kasonsa na kuɗin rubutu. Sai "Mother's Lament" ta ƙarshe, wadda ita ce ka ce kamar wasa ake yi. Wasan ne kuwa. Tsohuwar waƙar barkwanci ce ta talakawan Landan, a kan jariri siriri da ya zurare ta ramin baho, su uku suka taru gaban piyano suna rerawa da karin harshen unguwa. Bature ɗan Landan zai yi murmushi a ji na farko. A ji na goma, shi ma ɗage allura zai yi.

Na tsakiyar ma ba su tsira duka ba. "World of Pain", wadda Pappalardi da Gail Collins, wadda ya aura daga baya, suka rubuta, tana da daɗin ji amma ba ta da kamannin Cream, kowace ƙungiya ta wannan shekara za ta iya yin ta. "Dance the Night Away" da jitarta mai tsirkiya goma sha biyu ta fi kama da aron salon ƙungiyar Byrds ta Amurka. "Take It Back", wadda ta samo asali daga ƙin shiga soja a zamanin yaƙin Biyetnam, maganarta ta fi kiɗanta nauyi. Kalmomin Pete Brown, mawaƙin baka da ke rubuta wa Bruce, wani lokaci sukan haska, wani lokaci kuma su zama zuƙi-ta-malle, har da bakan gizo mai gemu. A nan dole in yi adalci: Ingilishi ba harshen da na sha a nono ba ne, kuma wanda ya tashi cikinsa zai iya jin wani armashi a wasan kalmomin da ni ke wuce ni.

Rauni na biyu na sana'ata ne, wato ɗaukar sautin. Ƙungiyar da aka sani da girgiza bango, a faifan nan ta fito siririya. Bes ɗin Bruce, wanda a fili yake gurnani, an tura shi baya. A bugun da ke raba sauti dama da hagu, an jibge ganguna a gefe guda, don haka idan ka sa abin ji a kunne sai ka ji kanka ya karkata. Ba gazawar Dowd ba ce, haka ake yi a lokacin, kuma allurar garmaho ba ta jure sauti mai zurfi sosai, tsalle take yi. Amma idan ka jera shi da abin da aka ɗauka ƙasa da shekara biyu bayansa, irin faifan farko na ƙungiyar Led Zeppelin, bambancin nauyi a bayyane yake.

Na uku, takurar da na yaba tana da farashi. Wanda ya san Cream ta wannan faifai kaɗai bai san dalilin da ya sa ake tsoron hawa dandamali bayansu ba. Sai ka nemi Wheels of Fire na 1968, ka ji "Crossroads" da aka ɗauka a gaban jama'a a San Francisco, inda su uku ke tsere kamar ranar hawan sallah amma ba wanda ya faɗi. Ni ma a faifai na san wannan ɓangare nasu, kamar kowa a nan, kuma faifai ba ya ɗaukar abin da ƙirji ke ji a zaure.

Na huɗu, idan ana maganar saikedelik zalla, Hendrix ya sha gabansu. Faifansa Are You Experienced ya fito a watan da su Clapton ke ɗaukar nasu, kuma a wurinsa baƙon abu yana cikin sautin kansa: kukan lasifika da aka mayar kiɗa, tef da aka juya baya. A wurin Cream, ka cire bango da kalmomi da feda ɗaya, blues da pop ne suka rage. Jinkirin wata shida kafin fitowa ya ƙara sa faifan ya iso kasuwa bayan an gama mamaki.

Batun aro

Akwai abin da ba zan tsallake ba. "Strange Brew", wadda ta buɗe faifan, asalinta wata tsohuwar blues ce, "Lawdy Mama", da suka ɗauka tun a Afrilu. Pappalardi ya tafi da tef ɗin gida, shi da Gail Collins suka ɗora sabbin kalmomi da sabon kari, Clapton ya rera a kai. Bruce bai ji daɗi ba, don bes ɗin da ya buga na wata waƙa ce daban, kuma ya fahimci shugaban kamfanin Atlantic, Ahmet Ertegun, Clapton yake so a gaba. Waƙar ta yi kyau, ba musu. Amma abin da jita ta faɗa a tsakiyarta na Albert King ne, gwanin blues baƙar fata ɗan Amurka, kusan sauti da sauti, musamman daga "Oh, Pretty Woman". King bahago ne, yana riƙe jita a juye, yana jan tsirkiya ƙasa maimakon tura ta sama, shi ya sa lanƙwasarsa ke da wuyar kwaikwayo. Clapton ya kwaikwaya da kyau, bai kuma taɓa ɓoye wa ya koya a wurinsa ba, sai dai sunan King ba ya jikin faifan. "Outside Woman Blues" kuwa an rubuta sunan mai ita, makahon mawaƙi Blind Joe Reynolds, wanda ya ɗauke ta a 1929.

Masu kare su za su ce su suka mayar da hankalin matasan Turawa kan dattawan blues da Amurka ta yi watsi da su, har wasu suka samu kuɗi da masu sauraro a ƙarshen rayuwa. Gaskiya ne. Masu suka za su ce ɗalibi ya ci riba ninkin abin da malami ya gani, kuma launin fata na cikin dalili. Wannan ma gaskiya ne. Abin ya ƙara ɗaci a 1976, lokacin da Clapton, cikin maye a kan dandamali a Birmingham, ya yi kalaman ƙyamar baƙaƙe da baƙin haure, har hakan ya haifar da gangamin Rock Against Racism, na makaɗa masu adawa da wariyar launin fata. Ya nuna nadama daga baya. Wannan ba laifin faifan 1967 ba ne, amma ni dai tun da na sani ba na jin "Strange Brew" kamar da.

Yadda zan so ka sake saurare

Ka nemi bugun mono, wanda duk sautin ke fitowa ta tsakiya. Yana cikin fitowar 2004, kuma ka duba bangon na kawu, don a 1967 an buga iri biyun. A mono ganguna da bes suna dunƙulewa, kusan rabin ƙorafina kan siranta yana tafiya. Ka kuma guji lasifikar waya, ba ta fitar da bes, alhali Bruce ba rakiya yake yi ba, waƙa ta biyu yake rerawa a ƙarƙashin ta farko. Ka ji "Sunshine of Your Love" sau uku, kowane karo ka bi mutum ɗaya kawai. Daga nan ka sa Albert King, faifansa Born Under a Bad Sign wanda shi ma na 1967 ne, sannan ka dawo kan "Strange Brew". Idan ka samu garmaho mai aiki, ka canza allura kafin ka ɗora faifan kawu, don tsohuwar allura tana cinye layin faifai, kuma abin da ta ci ba ya dawowa.